Jelar da Muka Kai Maruta

Har yau in dangin mijina suka zauna hira, akwai masu tuna ni da cewa ni ce matar da ta hana uwar miji jelar rago. Ban taɓa musu ba, ban kuma taɓa ba da haƙuri ba. Da za a mayar da ni wannan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai a wannan karon zan lura da inda ake ɗaure kaya a jikin babur.

'Yan yanzu ba su san darajar jela ba, don haka bari in faɗa. A zamaninmu in an yanka ragon layya, akan cire jelar tare da ɗan nama da kitsen da ke gindinta, a barbaɗe ta da gishiri, a rataye sama da murhu hayaƙi yana dukanta. Ba mai taɓa ta sai watan Muharram ya kama, sabuwar shekara ta shigo, an zo ranar cika-ciki. Ranar ake sauke ta a jefa cikin miya, a tuƙa tuwo ba awo, kowa ya ci har ya kasa miƙewa, don an ce wanda bai ƙoshi a ranar ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. Kafin a ci kuwa sai kwanuka sun yi yawo. Kowace mace ta zuba ta aika wa dangi da maƙwabta, su ma su aiko mata. Miyar jela tana da wani ƙanshi nata na hayaƙi da daɗewa, wanda naman mahauta ba ya yi. Da ka buɗe kwano ka san gidan da aka yi layya.

A Maruta aka haife ni, a ƙasar Gwaram. Mu uku Inna ta haifa, duk mata, ni ce auta. Mahaifinmu ya rasu ban gama wayo ba. Gidanmu da na Baffa, wan mahaifinmu, dangar kara ɗaya ce ta raba. Baffa ba mugu ba ne, shi yake sa a nome mana gona, amma bakinsa ba linzami. Layyar farko bayan rasuwar ya leƙo ta kan danga, a ganinsa lallashi ya zo yi, ya ce wa Inna, "Ke kam kin huta da ɗawainiya. Gidan da ba namiji ai ba ya ganin jela. Amma ki kwantar da hankalinki, duk cika-ciki kwanonki yana nan tafe."

Inna ta ci gaba da aikinta. Cika-ciki ta zo, kwanon ya iso kamar yadda ya faɗa, matarsa ce ma ta kawo da kanta. Inna ko murfin ba ta ɗaga ba. Ta ce, "A ce masa an gode, mun ƙoshi." Haka ta yi wa kowane kwano da ya shigo gidan ran nan, haka kuma ta yi duk shekara. Naman sallah tana karɓa, ta ce wannan rabo ne da Allah ya yanka wa kowa. Kwanon cika-ciki kuwa musaya ce, wadda ba ta aika ba, ba ta karɓa. Sai mu zauna mu ci tuwon dawa da miyar kuka ba ko ƙashi, ƙanshin miyar gidan Baffa yana ratso danga yana shiga hancinmu.

Na tsani wannan rana, kuma a lokacin na tsani Inna saboda ita. Wata shekara na bi kwanon da kuka har ƙofar gida, ta jawo ni ta zaunar. Da kukan ya lafa na ce mata, "In na girma ni zan kawo miki jela." Ta ce, "Ci tuwonki."

Aure ya kai ni Birnin Kudu, wani babban gida mai sassa da yawa. Mijina malamin makarantar firamare ne, shi ne ƙarami a cikin maza, ni kuma Malam nake kiransa. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke ce wa Iya, ita ke riƙe da gidan, kuma dokarta ce duk ɗan da ya yi layya, jelarsa a madafarta ake ratayewa. Ranar cika-ciki tukunya ɗaya ake ɗorawa, tata. Mu abin bai shafe mu ba, don albashin Malam bai taɓa kai wa ga rago ba. Sai kuɗin man fetur ya zo, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙari, gari ya cika da rediyo da babura. Malam ma ya sayo nasa babur ɗin, ja, yana koyon tuƙi a filin makaranta yana faɗuwa yana tashi. Da layya ta zo kuma ya yanka rago na kansa karo na farko.

Ana cikin fiɗa na miƙa hannu na ɗauke jelar, na kai ta ɗakin girkina na rataye. Ban ɓoye ba, kowa ya gani. Iya ta aiko a karɓo, na ce a gaya mata tana shan hayaƙi. Ta sake aikowa, na ce ba ta gama bushewa ba. Ana jibi cika-ciki sai ga ta da kanta, ita da ba ta taka sashen surukai. Na shimfiɗa mata tabarma na durƙusa, Malam yana zaune a gefe da littattafan 'yan makarantarsa.

Ta ce, "Na zo karɓar jelar ɗana."

Kaina a ƙasa na ce, "Iya, ki yi haƙuri, ta Innata ce. Maruta za a kai ta."

"Ragon na wa?"

"Na ɗanki."

"To?"

"Tukunyarki ba za ta san an rasa ɗaya ba, Iya. Tata kuwa tun ina ƙarama ba ta ga jela ba."

Ta ce, "Ba a taɓa fitar da jela daga gidan nan ba."

Na ce, "Babur ma ba a taɓa shigo da shi ba sai bana."

Wannan ita ce rashin kunya mafi girma da na taɓa yi wa babba. Iya ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya ga ɗanta ta ce, "Kai kuma kana ji." Malam ya ce, "To, Iya." Ta kaɗe zaninta ta fita. Daga ran nan ba ta sake amsa gaisuwata ba sai da damina ta faɗi.

Shi Malam mutum ne mai "to". Uwarsa ta yi magana ya ce to, ni na yi ya ce to, ba ka sanin wace ce ta gaskiya sai ka ga inda ƙafarsa ta nufa. Na kwana ina tunanin yadda zan yi, don ba motar da ke shiga Maruta, kuma matar aure ba ta fita sai da izini. Washegari da yamma na gan shi durƙushe yana goge babur, yana danna tayoyi da babban yatsa. A shekarar, hutun sabuwar shekarar Bature ya faɗo daidai da cika-ciki, makaranta a rufe. Bai ɗago kai ba ya ce, "Gobe in an idar da asuba ki sa duk abin da kike da shi mai kauri."

A unguwarmu ba a taɓa ganin matar aure a bayan babur da rana tsaka ba. Shi ya sa Malam ya roƙe ni abu ɗaya, ya ce kada mu haɗa wa mutane abin magana biyu, ni da jela. Na naɗe ta a tsohon zane, shi kuma ya ɗaure ƙunshin a ƙasa, a gefen babur, inda zanena zai sauko ya rufe. Muka duba muka ga ba mai gani, har muna yaba dabararmu. Bayana kuma aka ɗaure 'yar jakar shinkafa da sabulu na tsaraba.

Ɗari ake yi na gaske. Na sa rigar sanyin Malam a kan tawa, na zura safarsa a hannuwana, na yi lulluɓi sai idanu. Dukanmu muna ɗauke da azumin ranar. Muka fito daidai lokacin da dattawa suka baro masallaci suka kewaye wuta suna jin ɗumi. Hira ta tsaya cak. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Subhanallahi, Malam, jikin ne? Asibiti za a kai ta?"

Na ɗauka zai ce to. Sai na ji ya rage gudu ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Yawon sabuwar shekara za mu."

Na yi shekaru da mutumin nan, amma ran nan na fara sonsa irin son da ake faɗa. Da farko ƙarfen baya na riƙe don kunya. Muna barin duwatsun gari muka faɗa wani rami, na cafki rigarsa da hannu biyu, kuma ban sake ta ba har muka isa.

Tafiyar ba ta sauri ba ce. Duk babbar motar da ta taso, ko daga gaba ko daga baya, Malam sai ya sauka gefen titi ya tsaya ta wuce, yana salati. Ni ban damu ba. Tun da aka kawo ni gidan miji cikin duhu a lulluɓe, ban sake ganin hanyar nan da idona ba. Ga gonaki an girbe, kara a tsaye jingim, shanun Fulani suna kiwo a cikin sauran ganye, hayaƙi yana tashi daga rugage. Sanyi ya kashe mini yatsu, hancina yana yoyo, amma ji nake kamar in yi guɗa. Ban taɓa zama da mijina mu biyu kawai a waje da ɗaki ba sai ran nan.

A ƙauyen farko da muka rage gudu saboda awaki, wani ƙanshin nama ya bugi hancina. Na ce, "Malam, ka ji? Mutanen nan ba sa wasa, tun hantsi bai yi ba sun ɗora." Ya ce, "Allah ya ba mu ladan azumi." Ƙauye na gaba ma haka, har ya fi. Muna fita fili ƙanshin ya ɓace, muna shiga gari mu rage gudu ya dawo. Malam ya ce lallai arziki ya sauka a ƙasar nan, ko'ina nama. Na ce ai kuɗin mai ne, har ƙauye ya iso. Karnuka biyu suka bi mu da gudu mai nisa, muka ce ba su taɓa ganin babur ba ne.

Sai da muka zo bakin kogi a Gwaram asiri ya tonu. Ruwa ya janye, sai rairayi mai faɗi, dole muka sauka don a tura babur ɗin. Ina sauke ƙafa na ji wani abu yana ƙara cuuu kamar an jefa albasa a mai. Na duba. Ƙunshin nan da muka ɓoye da wayonmu ashe a kan salansa ya kwanta, ƙarfen da hayaƙin babur ke fita, wanda ke zafi kamar tanda. Zanen ya ci wuta ya huje, kitsen ya narke yana ɗiga, gefen zanena ma ya babbake ban sani ba. Tun daga Birnin Kudu muke gasa jelar Inna, muna yi wa mutanen ƙauye murnar arziki.

Malam ya kwance ta yana yarfe hannu. Rabinta ya zama gawayi. Abin da ya rage bai fi a rufe a tafin hannu ba, baƙi ƙirin, ƙashi ya fi nama yawa.

Na zauna a kan rairayin na fashe da kuka, irin kukan da rabona da shi tun ranar da na bi kwanon Baffa. Na zagi babur, na zagi wanda ya ƙera shi, na ce wa Malam mai ilimi guda bai san wuta tana ƙuna ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ga kasuwa nan kusa. Bari in samo cinya guda wajen mahauta, wa zai sani?"

Na ce, "Inna za ta sani. Baffa zai sani tun kwanon bai isa hannunsa ba. Nama take nema? Da nama take nema ai da tuni ta buɗe kwanonsu."

"To mu koma, baɗi in Allah ya kai mu..."

"In koma in nuna wa Iya wannan? Wallahi ko toka ce ta rage sai na kai ta Maruta."

Ya ce to. Wannan karon na san ta gaskiya ce, don ya kama kan babur ya fara turawa. Na naɗe abin da ya rage a bakin mayafina na ƙulle, na riƙe a hannu kamar yadda ya kamata in yi tun farko.

Bayan azahar muka shiga Maruta. Ƙarar babur ta fito da mutane, amma abin da ya tsayar da su daban ne. Kitsen da ya daskare a jikin salansa yana ta ƙonewa, duk lungun da muka bi sai ya ɗauki ƙanshi, mata suna leƙe ta kan danga suna buɗe hanci. Baffa yana zaune a gindin bishiyar ƙofar gidansa, ya tsufa, carbi a hannu. Muka tsaya muka gaishe shi, yana amsawa yana kallon babur ɗin yana shaƙar iska.

Inna ta fito jin hayaniya. Ta rame, amma tsayuwarta na nan yadda na sani, kamar ta haɗiye taɓarya. Malam ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, yadda suruki ke yi. Ni kuwa duk bakin da na yi wa Iya ya mutu. Na kwance bakin mayafi na miƙa mata, na ce, "Inna, na kawo, amma ta ƙone a hanya."

Ta karɓa ta jujjuya a hannunta. Ta kai hanci ta shinshina. Ba ni ta tambaya ba, Malam ta fuskanta, ita da ba ta taɓa yi masa doguwar magana ba saboda kunyar suruki.

"Ragon wa?"

Ya ce, "Naki ne, Inna."

"Da hannunka ka yanka?"

"Da hannuna."

Ta gyaɗa kai. Malam ya tashi zai tura babur ɗin inuwa ya goge shi, ta ce, "A'a, a bar shi nan ƙofar gida yadda yake. Kada a goge."

Ba a ɗakin girki ta yi aikin ba. Ta kafa duwatsun murhu a tsakar gida, dab da dangar Baffa, ta zauna ta kankare gawayin da wuƙa a hankali, ta wanke, ta sassara ƙashin, ta jefa a babbar tukunyar da ban taɓa ganin an ɗora ba sai ranar suna. Na tuƙa tuwo har kafaɗuna suka yi tsami. Ta shiga ɗaki ta sauko da kwanukan aurenta masu murfi, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya. Da miyar ta tafasa ƙanshin ya tashi, da ɗan ƙauri a ciki, amma na jela ne, ba mai iya musu. Iska kuma ta yi mana kara, wajen gidan Baffa take kaɗawa.

Kusan magariba ta jera kwanukan ta zuba. Yawancinsu romo kawai suka samu. Tsoka ɗaya ce ta kirki a duk tukunyar, ta lalubo ta da ludayi ta sa a kwano mafi kyau. Na ce, "Inna, ke fa?" Ta ce, "Ɗauki ki kai wa Baffanki. Ki ce in ji ni."

Na same shi ya idar da salla yana shan ruwa. Na durƙusa na ajiye na ce, "Baffa, in ji Inna." Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa. Ya daɗe yana kallon cikin kwanon. Da yake bakinsa bai canja ba, ya ce, "Ta ƙone."

Na ce, "Ta ƙone, Baffa. Amma jela ce."

Ya shinshina, sannan ya ce, "Jela ce. Ki ce mata an gode." Ya sa hannu.

Ina komawa na tarar da matarsa a tsakar gidanmu da kwano a hannu. Wannan kam dole in faɗa don Allah: shekara da shekaru ana mayar musu da kwanon nan, ba su taɓa fasa kawowa ba. Tsohuwar tana tsaye ko zama ba ta yi ba, don ta san amsar da ake ba ta, ƙafarta ɗaya ma ta riga ta juya. Ni ma na tsaya ina jiran in ji "mun ƙoshi".

Inna ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ta zauna a tabarma, ta jawo ruwa ta wanke hannu, ta ɗaga murfin. Ta gutsuri tuwo ta dangwala ta kai baki, tana taunawa a hankali, matar Baffa tana kallonta baki buɗe. Na ga hawaye yana bin kumatun Inna, ba ta share ba, ba ta kuma daina ci ba.

Da ta haɗiye ta ce, "Ashe haka miyarki take. Gishiri ya yi yawa."

Sannan ta matsa gefe ta buɗa mini wuri a tabarmar, ta turo kwanon tsakaninmu.

"Zo ki ci," in ji ta. "Ke da kika bi shi da kuka har ƙofar gida."

Na zauna muka cinye shi tas, ni da ita.